Romon Ganye Ga Wanda Ya Tashi Daga Jinya

Wannan taƙaitaccen bayani ne na hirar da muka yi a filinmu na lafiya da abinci. Mun rubuta shi saboda waɗanda shirin ya wuce su, da waɗanda suka ji amma ma'aunin kayan ya shige musu, suna so su sake dubawa a tsanake.

Zancen namu a kan wani lokaci ne da kowane gida ya sani, musamman daga tsakiyar damina zuwa kaka, lokacin da zazzaɓin cizon sauro yake kwantar da mutane daga Katsina har Maraɗi, daga Damagaram har Marwa. An kai mutum asibiti, ko likita kamar yadda ake cewa a Nijar, ya sha magani, zazzaɓi ya sauka. To amma baki babu ɗanɗano, ƙafafu babu ƙarfi, in an kawo tuwo sai ya kau da kai. Abin da aka saba yi a nan shi ne a haɗa masa shayi da burodi, ko a sayo masa lemon kwalba, a ce ya samu ƙarfi. A haka sai mako biyu su wuce, manomi bai koma gona ba ga gero yana jiran girbi, yaro kuma yana ta ramewa a hankali ba a lura ba.

Akwai romo mai sauƙi da ake iya yi wa irin wannan mutum da kayan da ke cikin kasuwar kowane gari. Kayan ba baƙi ba ne, kowa ya san su. Inda gizo ke saƙar shi ne wajen dafawa, domin yadda muka saba dafa ganye yakan sa a zubar da babban rabon amfaninsa a bayan gida.

Me jiki ya rasa a kwanakin ciwo?

Abu na farko ruwa ne. Zazzaɓi yana sa gumi, amai da gudawa kuma suna fitar da ruwa tare da gishirin jiki. Na biyu jini. Ƙwayar cutar maleriya tana shiga cikin jajayen ƙwayoyin jini ne ta hayayyafa, sannan ta fasa su. Shi ya sa za ka ga wanda ya tashi daga zazzaɓi tafin hannunsa da cikin fatar idonsa sun yi fari, in ya miƙe jiri ya ɗebe shi. Na uku tsoka. Mutumin da ya kwana uku ko huɗu bai ci ba, jikinsa naman jikinsa yake ci.

Ke nan abincin da za a ba shi sai ya zama mai ruwa-ruwa yadda zai wuce maƙogwaro ba wahala, ya ƙunshi abin da jiki zai ƙera sabon jini da shi, ya kuma ƙunshi abin gina tsoka. Shayi da lemon kwalba ruwa ne da sukari. Suna toshe ciki na ɗan lokaci, shi ke nan. Shayi ma yana da wani hali: in aka sha shi tare da abinci yana rage yawan sinadarin ƙarfe da hanji yake tsotsa, wato abin da mai ƙarancin jini ya fi nema.

Kayan da za a tanada

Wannan ma'auni na mutum ɗaya ne, ya sha sau biyu ko uku:

Ruwa mai tsabta lita 1 da rabi.
Albasa 1 madaidaiciya, da tumatir 3 nunannu.
Kabewa, yanka kamar faɗin tafin hannu.
Karas 2, da dankalin turawa 2 ko dankalin Hausa 1.
Daddawa ƙwaya 1, tafarnuwa sala 2, da ɗanyar citta kamar kan ɗan yatsa.
Man gyaɗa ko manja babban cokali 2.
Niƙaƙƙiyar gyaɗa ko garin ƙuli-ƙuli babban cokali 3.
Busasshen kifi ƙarami in da hali, a cire ƙaya tas.
Ɗanyen ganye cikin hannu biyu: zogale da alayyahu, ko ganyen wake ɗanye.
Lemun tsami rabi, da gishiri rabin ƙaramin cokali.

Sunaye sukan bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, kada wannan ya rikita kowa. Zogale shi ne Zabarmawa ke kira windi bundu, shi ake yin kopto da shi a Yamai, kamar yadda ake kwaɗonsa a Kano. Yakuwa ita ce folere a arewacin Kamaru, karkanji a Chadi. Lalo shi ne ayoyo na zangunan Ghana. Duk wanda yake kusa da ke, uwargida, kuma yake da araha a kasuwarku, shi ne naki. In ba ki samu karas ba ki ƙara kabewa. In ba alayyahu, zogale kaɗai ya wadatar.

Aikin kowanne a cikin tukunya

Kabewa da karas, da duk wani ganye mai duhun kore, suna ɗauke da abin da jiki yake mayarwa bitamin A. Shi ne yake kare ido daga dundumi, yake kuma taimaka wa jiki wajen yaƙi da cuta. Amma fa wannan sinadari a cikin maiƙo yake narkewa. In babu mai a cikin romon, kaɗan hanji zai ɗauka. Cokali biyun nan na man gyaɗa dalilinsu ke nan, kuma suna ƙara wa mai jinya kuzari ba tare da sun cika masa ciki ba. Shi kuwa manja, shi kansa yana cike da wannan sinadari, muddin ba a soya shi har jansa ya gushe ba.

Zogale da alayyahu da ganyen wake suna ba da sinadarin ƙarfe da folik, waɗanda jiki ke buƙata wajen ƙera jini. Sai dai gaskiyar magana, ƙarfen da ke cikin ganye bai kai na nama da hanta saurin shiga jiki ba. Abu biyu ne ke taimaka masa: bitamin C, irin na lemun tsami da tumatir, da kuma ɗan kifi ko nama a cikin abincin, ko da kaɗan ne. Kun ga amfanin rabin lemun nan da ɗan kifin nan.

Gyaɗa da daddawa da kifi su ne masu gina tsoka. Romon ganye zalla, babu ɗayan waɗannan, ruwa ne mai daɗi amma ba zai tayar da mutum ba. Dankali yana ba da ƙarfi, yana kuma sa romon ya yi kauri. Citta da tafarnuwa da albasa su suke tayar da ƙamshin da zai sa wanda bakinsa ya mutu ya ce a ɗan zuba masa. Citta kuma tana ɗan kwantar da tashin zuciya.

Wata magana a kan gyaɗa. A tsince ta kafin a niƙa. Duk ƙwayar da ta yi fumfuna, ko ta yamushe, ko ta canja launi, a yar da ita. Irin wannan gyaɗa takan ɗauki guba mai lalata hanta, kuma dafuwa ba ta kashe wannan guba.

Yadda ake dafawa

A fara da wanke hannu da sabulu. A wanke ganye da ruwa mai tsabta sau biyu ko uku tun yana ɗungurungum, kafin a yanka. In aka yanka sannan aka wanke, ko aka bar shi jiƙe a cikin ruwa, wani sashe na amfaninsa yana bin ruwan wankin. Kada kuma a yanka shi tun da safe a ajiye. Sai tukunya ta kusa sauka a sa masa wuƙa.

A ɗora tukunya a zuba mai, a sa albasa ta yi laushi a wuta kaɗan, kada ta ƙone. A zuba tumatir da dakakkiyar daddawa da tafarnuwa da citta, a juya kamar minti 3. Sai a zuba ruwa, a sa kabewa da karas da dankali da aka yanka ƙanana, da kifin. A rufe tukunya a bar ta minti 15 zuwa 20, har sai cokali ya ratsa karas ba tare da an danna ba.

Daga nan a dama gyaɗar da ɗan ruwan romon a cikin kwano, yadda ba za ta yi gudaji ba, a juye a tukunya, a bar ta ta dahu kamar minti 5 zuwa 10 har ƙarnin ɗanyar gyaɗa ya tafi. A ɗauki bayan ludayi a murƙushe wani sashe na kabewar da dankalin a jikin tukunya. Nan take za ki ga romon ya haɗe.

Yanzu ne lokacin ganye. In zogale ne a fara sa shi, domin ya fi alayyahu tauri, a ba shi kamar minti 5, sannan a sa alayyahu a ƙara minti 3 zuwa 5 a rufe. Alamar ya yi ita ce ya yi laushi amma korensa yana nan. In ya koma ruwan ƙasa-ƙasa, an wuce wuri. A sa gishiri a sauke. Lemun tsami kuwa a cikin kwanon mai sha za a matsa shi, ba a kan wuta ba, saboda zafi yana lalata bitamin C.

Kurakurai uku da aka saba yi

Na farko shi ne tafasa ganye a tsiyaye ruwan a zubar. Haka muke yi wa zogale da rama in za a yi kwaɗo, don a rage ɗaci ko tsami, kuma babu laifi a kwaɗo na marmari. Amma bitamin C da folik da wasu gishirin jiki a ruwa suke narkewa. Koren ruwan nan da ake watsawa a tsakar gida, da shi aka watsa rabon marar lafiya. A wannan romo ruwan da aka dafa da shi, shi ake sha. In ana gudun ɗacin zogale, a zaɓi ganye matashi na saman reshe, gyaɗar ma tana rufe sauran ɗacin. Ganyen da ba ya ciwuwa sai an tafasa an zubar, irin su tafasa da yaɗiya, a bar su sai an warke. Ganyen rogo kuwa kada ma a kawo shi nan, domin yana da guba da sai an daka shi an dafa sosai take fita.

Na biyu kanwa. Mun san dalilin sa ta: tana sa ganye ya yi kore shar, tana sa kuɓewa da lalo yauƙi, tana kashe tsamin yakuwa, tana nunar da wake da wuri a tsimin itace. Kakanninmu da ita suka yi girki, har fatake suna ɗauko ta daga ƙasar Manga da bakin tafkin Chadi. To amma kanwa tana lalata bitamin C da bitamin B1, kuma ita ma tana da sodiyam, wato sinadarin nan na gishiri da ke tayar da hawan jini. Ganyen zai fito da kyan gani, amma an rage masa abin da aka dafa shi dominsa. A tukunyar mai jinya a haƙura da ita. In ana so a sa wake, a jiƙa shi tun dare, a surfa a cire bawon, zai dahu ba kanwa.

Na uku yawan gishiri da magi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum kada ya kai giram 5 na gishiri a rana, wato kamar ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma a cikin lissafin har da wanda ke cikin burodi da miya da komai. Shi dunƙulen magi kusan rabinsa gishiri ne. Mai jinya zai ce bai ji gishiri ba, a ƙara. Ai bakinsa ne bai dawo ba, ba romon ba ne. Maimakon a ƙara gishiri, a ƙara masa lemun tsami ko ɗan daddawa. Gishirin da za a sa kuma ya zama mai sinadarin aidin, wanda yake hana maƙoƙo, a riƙa ajiye shi a rufe.

Yadda za a ba shi

Kada a cika kwano a ajiye a gaban mai jinya, ganin yawan kaɗai zai kashe masa sha'awa. A zuba ludayi ɗaya da ɗumi, a zauna kusa da shi. Bayan awa biyu ko uku a sake. Sannu ba ta hana zuwa, in ji masu iya magana. Ranar farko wataƙila ruwan kawai zai kurɓa. Rana ta biyu a ba shi da kayan ciki. In ci ya fara dawowa a haɗa masa da tuwo mai laushi, ko shinkafa, ko a fasa ƙwai a cikin romon yana tafasa. In akwai hanta a yanka kaɗan a sa, ba abin da ya kai ta wajen ƙara jini. Shayi kuwa a jinkirta shi kamar awa ɗaya bayan an ci.

Ga yara akwai ƙa'ida dabam. Jaririn da bai kai wata 6 ba, nonon uwa kaɗai, ko ruwa ba a ba shi, balle romo. Daga wata 6 zuwa sama ana iya ba shi, amma a ɗebi nasa kafin a sa gishiri, kuma a murƙushe kayan su yi kauri yadda za su tsaya a cokali. Cikin yaro ƙarami ne, in aka cika shi da ruwan romo zalla sai ya ƙoshi bai ci komai ba. A ci gaba da ba shi nono, kuma bayan ya warke a ƙara masa ci ɗaya a kan na kullum har mako biyu, don ya mayar da abin da ya zube.

Mai jego ma wannan romo ya dace da ita, tare da kunun gyaɗarta da sauran abincinta. Mai ciki tana iya cin ganyen zogale a miya kamar kowa, amma saiwarsa da ɓawonsa ta nisance su. Mai gyambon ciki a bar masa barkono. Mai ciwon sukari a rage masa dankali a ƙara ganye. Mai ciwon ƙoda da wanda yake shan maganin tsinka jini, su kam sai sun tambayi likitansu kafin su yawaita ganye, domin akwai sinadaran ganye da ba sa jituwa da halin da suke ciki.

A kula da ajiya. A zafin ƙasashenmu dafaffen abinci ba ya son ya wuce awa 2 a ajiye ba firji. Ga wanda ba shi da firji, gara a raba kayan biyu a dafa rabi da safe rabi da yamma. In kuwa dole sai an ajiye, a rufe, kuma a sake tafasa shi sosai kafin a bayar. Ɗumamawa sama-sama ba ta isa ba. Wanda bai gama murmurewa ba, abinci mai ɗan tsami da lafiyayye zai ci ya wuce, shi yana iya mayar da shi kwance.

In rani ya yi fa?

Tambayar da aka fi yi ke nan daga ƙauyukan da ba su da fadama. Amsarta tun yanzu ake shirya ta. Kabewa in ba a fasa ta ba tana yin watanni a inuwa. Busasshen tumatir, wato kauɗa, yana maye gurbin ɗanye. Albasa dai ga ta Galmi tana zagaya kasuwannin yankin nan. Zogale da ganyen wake a shanya su a inuwa inda iska ke ratsawa, ba a tsakiyar rana ba, domin rana tana cinye bitamin A. In sun bushe ƙarau a daka, a tankaɗe, a zuba a gwangwani mai murfi. Cokali biyu na wannan gari a ƙarshen dafuwa sun tsaya a madadin ɗanyen. Kuka ma ganye ce, kuma mai amfani. Bushewa tana tafiya da yawancin bitamin C, saboda haka a rani lemun tsami ya ƙara zama dole. Wanda kuma yake da ɗan fili a bayan ɗaki, ya dasa zogale biyu ko uku inda ruwan alwala da na wanke-wanke marar sabulu ke gangarawa. A cikin 'yan watanni zai fara tsinka.

Inda tukunya ba ta isa ba

Wannan romo abinci ne, jama'a, ba ya kashe ƙwayar maleriya, ba ya maganin taifot. Mai zazzaɓi a kai shi a gwada jini, kuma maganin da aka rubuta a shanye shi duka ko da an ji sauƙi a rana ta biyu. Mai gudawa a ba shi ruwan gishiri da sukari na leda, wanda ake kira ORS a Najeriya da Ghana, SRO a Nijar da Kamaru da Chadi, a haɗa shi yadda aka rubuta a jikin ledar. Yara kuma a ƙara musu da ƙwayar zinc ta kwana 10 zuwa 14. Romo yana tafiya tare da waɗannan ne.

Akwai alamun da in an gan su ba a tsayawa hura wuta: yaro ya kasa sha ko kama nono, yana amayar da duk abin da ya shiga cikinsa, yana jijjiga, ya yi laushi ba ya farkawa sosai, numfashi yana yi masa wuya, akwai jini a bayan gidansa, ko ƙafafunsa biyu sun kumbura. Haka in an auna damtsensa da igiyar awo ta nuna ja, wato ƙasa da milimita 115, wannan tamowa ce mai tsanani, tana da nata abinci na musamman a asibiti. Babba ma in idonsa ya yi rawaya, ko fitsarinsa ya yi baƙi, ko haki ya hana shi taku kaɗan, a tafi da shi a ranar.

A ƙarshe, kada a jira sai wani ya kwanta kafin a ɗora wannan tukunya. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar babban mutum ya ci aƙalla giram 400 na ganye da kayan lambu da 'ya'yan itace a kullum, ban da dankali da rogo. Kwano ɗaya na wannan romo ya rage hanya sosai. Maigida, in ka shiga kasuwa ranar cefane, kuɗin lemon kwalba biyu da za ka kai dubiya, ka duba ko za su sayi yankan kabewa da ƙullin zogale da gwangwanin gyaɗa. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Masu jinya a gida da asibiti, Allah ya ba ku lafiya.